Kundin garke: gwajin ciyarwa da allurar haihuwa a kan tumaki da kajin gidanmu

8 ga Satumba, 2024

Yau na buɗe wannan kundi. Gidanmu yana wani ƙauye a yankin Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, kuma tumaki goma sha takwas ne a garken, duk 'Yankasa, farare masu baƙi a ido da baki. Goma sha biyu nawa ne, shida na Baffa, ƙanen mahaifina. Raguna biyu gare mu, tun watan Yuli suna ɗaure daban a zaure.

Abin da ya dame ni shi ne haihuwarsu. Wannan ta haihu da bazara, waccan da tsakiyar damina, kusan duk ɗaya-ɗaya, wata ma sai ta kusa shekara ba ta sake ba. Alhali tunkiyar ƙasar nan ba ta jiran wani lokaci na shekara kamar tumakin Turai da ba sa neman rago sai rana ta fara gajarta. Tamu duk bayan kwana 17 tana neman rago, rani da damina, cikinta kuma wata biyar ne. Idan an kula da ita, haihuwa uku cikin shekara biyu ba abin mamaki ba ne.

Burina su haihu tare a farkon Afrilun 2025. Babbar Sallar 2026 za ta faɗo wajen ƙarshen Mayu, ke nan 'yan ragunan sun cika shekara da ɗoriya, sun isa layya ba tare da wata tantama ba.

Likitan dabbobi ya zo da hantsi. Bai fara da allura ba. Kowace tunkiya sai ya ɗora tafin hannu a gadon bayanta, bayan haƙarƙarin ƙarshe, ya danna, ya faɗi lamba daga 1 zuwa 5. Ya kama hannuna ya ɗora a kan wata mai ƙaho ɗaya a karye, na ji ƙashin bayan yana tokarar yatsuna kamar haƙoran zarto. Ya ce wannan 2 ce, abin da ake so kafin barbara kuwa 3 ne ko uku da rabi. Goma sha uku daga cikinsu 2 suka samu. Ban yi mamaki ba. Duk damina a turke suke saboda gonakin mutane, sai ɗan abin da yara suka yanko, ga tsutsar ciki da ke yawa da ruwan sama. Mutum ya ga daji kore shar sai ya ɗauka dabba a ƙoshe take.

An ba su maganin tsutsa yau, don albendazol ba a ba tunkiya shi a watan farko na ciki, yana iya nakasa ɗan tayi. An kuma yi musu rigakafin PPR, cutar nan mai mura da zawo, wanda ake yi a cibiyar Vom ta jihar Filato.

10 ga Satumba

An kai ragunan gidan yayata a ɗaya gefen gari, inda tumakin ba za su ji ko warinsu ba. Tunkiyar da ta daɗe ba ta ji warin rago ba, ranar da aka kawo shi jikinta yakan motsa cikin kwana biyu zuwa uku. Wannan aikin homon ne, wato sinadarin da jiki ke fitarwa a jini yana tafiyar da neman rago da ciki, sai dai ba a saya.

Da su na fara gyaran abinci, saboda maniyyin rago yana ɗaukar kusan mako bakwai kafin ya haɗu, ya ƙara wasu kwanaki yana nuna kafin ya fita. Wanda zai yi aiki a farkon Nuwamba yau ake fara ƙera shi. Zazzaɓi ko yunwar da ta sami rago a Satumba sai a Nuwamba za a ga sakamakonta, a lokacin an manta, a ɗora wa tunkiya laifi.

Na cire musu kek ɗin angurya gaba ɗaya. A wajenmu shi ne abincin kiwo mafi sauƙin samu, tunda ga Funtuwa ƙasar auduga a kusa, kuma yana sa rago ƙiba da sheƙi, ba musu. Amma a cikin angurya akwai wani sinadari mai suna gosifol da ke raunana maniyyi. A ƙasar Sin aka fara lura da haka, a yankunan da mutane ke girki da ɗanyen man angurya haihuwa ta yi ƙaranci, har daga baya aka gwada shi a matsayin maganin tsarin iyali na maza. Tumbin babbar dabba yana kashe wani kaso na dafinsa, shi ya sa ragon yanka ba ruwansa. Ragon iri ne ban yarda in saba masa da shi ba. Yanzu suna cin harawar gyaɗa, dusar masara, ɗan garin waken soya da aka soya, da gishirin lasa.

29 ga Satumba

Ɓangaren kaji. Kaji talatin gare mu, ruwa biyu tsakanin na gida da Noiler, da tsofaffin zakaru uku. Ƙwai 60 na zuba a injin ƙyanƙyasa ranar 8 ga wata, yau kwana 21 cif. 'Yan tsaki 29 suka fito.

Na ajiye lissafin sauran, don a nan darasin yake. A dare na bakwai na haska su da tocila a ɗaki mai duhu. Ƙwan da zakara ya taka za ka ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya yana motsi. Guda 19 sun fito wasai, babu komai ciki. Sauran 12 sun fara, suka mutu a hanya: wasu tun kwanakin farko, sai zoben jini kawai a jikin ɓawo, wasu kuma sun yi gashi sun cika ƙwan amma suka kasa fasawa. Matsala biyu ce ke nan. Ƙwai wasai yawanci daga zakara ne. Mutuwa a cikin ɓawo kuwa, idan zafin inji daidai yake, a duba abin da uwar ta ci, domin ɗan tsako ba shi da wata mahaifa da za ta ciyar da shi. Duk abin da zai rayu da shi kwana 21 sai wanda kazar ta zuba a cikin ƙwan ranar da ta saka shi. Ƙarancin bitamin E yana kashe shi tun da wuri, ƙarancin bitamin B2 kuma yana kashe shi a tsakiya ko ya fito da yatsu a nannaɗe. Kajinmu dusa da tsakin dawa kawai suka sani.

Na sayar da tsofaffin zakarun, sun haura shekara biyu, sun yi teɓa, sai cara. Na sayo matasa huɗu 'yan wata bakwai. An raba kajin akurki biyu, sha biyar-sha biyar, zakara bibbiyu. Na gabas za su ci gaba da abincin da suka saba. Na yamma za su ci haɗin da aka yi wa kajin iri: masara, waken soya, dusar alkama, garin ƙashi da na kalshiyam, da firimis, wato garin haɗin bitamin da ma'adinai, mai bitamin E da seleniyam.

Ƙuli-ƙuli da tunkuzar da ake sayarwa da arha ban sa ba, don wanda na gani a kasuwa yana warin fumfuna. Dafin fumfunar gyaɗa, aflatoksin, shi ne ya kashe talo-talo kusan dubu ɗari a Ingila a 1960, daga garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil. Inda bai kashe ba yakan ci hanta ya rage ƙwai da ƙyanƙyasa.

14 ga Oktoba

An fara yi wa tumakin ƙarin abinci, mako uku kafin a sakar musu rago. Kowace tana samun giram 300 na haɗin dusar masara da tsakin dawa da ɗan waken soya, rabi da safe rabi da yamma, bayan harawar wake. Kwana uku na farko kaɗan-kaɗan aka ba su don gudun kumburin ciki.

Hikimar abin ita ce, a kowane zagaye ƙwayaye da yawa ne ke fara tasowa a ma'ajiyar ƙwan tunkiya, amma jiki ne ke yanke hukuncin nawa za su kai ga nuna. Idan jiki ya ji abinci yana ƙaruwa, sukari da insulin suka hau a jini, sai ya bar biyu su wuce maimakon ɗaya. Shi ya sa dabarar ta fi aiki a kan ramammiyar tunkiya da ke murmurewa. Mai ƙiba ba abin da take ƙara mata.

Da la'asar na sami Baffa a ƙofar gida na yi masa bayanin tsarin: tumakina shida za su ci ƙari kawai, shida su ci ƙari a kuma sa musu soso mai homon da allura don su nemi rago tare. Na roƙe shi ya bar nasa su shiga ciyarwar, mu raba kuɗin buhu.

Ya ce, "Kai ɗana, an kusa sakin dabbobi, gonaki za su buɗe, kara da harawa ko'ina. Me zai sa in sayi dusa da kaka? Allurar dai da ka ce tana sa tagwaye, ita nake so a yi wa nawa."

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, allurar tana tara su ne su nemi rago rana ɗaya. Jikin da zai riƙe cikin sai an gina shi."

Ya ce ya ji, amma a yi musu allurar, sauran a bar wa Allah. Dabbobinsa ne, kuma maganar kaka da ya yi tana da ƙamshin gaskiya. Ta haka aka sami rukuni na uku ba tare da na shirya ba: soso da allura, babu ƙarin abinci.

21 ga Oktoba

Likita ya dawo da ƙaramar na'urar hoton ciki, ya duba duka sha takwas ya tabbatar babu mai ciki, sannan aka sa wa sha biyu soso.

Soson bai fi babban yatsa ba, fari, da zare a jikinsa. An jiƙa shi da sinadarin da ke kwaikwayon furojestaron, homon ɗin da ke riƙe ciki. Ana tura shi cikin farjin tunkiya da wani bututu mai santsi, a bar zaren a waje kamar tsawon yatsa. Muddin yana ciki, jikinta yana ɗauka ciki gare ta, ba za ta nemi rago ba. Ranar da aka zare shi sinadarin ya faɗi gaba ɗaya, sai duk su farka tare. Akwai wani irin na roba mai fukafukai biyu da ake kira CIDR, wanda aka ƙirƙiro a Niyuzilan, aikinsu ɗaya, mu dai soso muka samu.

Abin da ya burge ni tsabtar aikin. Tsakanin kowace tunkiya sai ya wanke bututun a ruwan magani ya sauya safar hannu. Ya ce da bututu ɗaya mara wanki ana iya zagaya garke da bakkale, cutar da ke sa ɓari, wadda kuma take kama mutum.

Kwana 14 zai yi.

30 ga Oktoba

Soson wata tunkiyata ya faɗi, yara suka tsince shi a bakin kwatami. Ba a mayar ba. Na datse zaren sauran, don na lura suna jan na junansu da baki.

4 ga Nuwamba

An zare soso sha ɗaya da sassafe. Yana fitowa da ɗan ruwa mai wari, likita ya ce haka yake, zai wuce cikin kwana biyu. Nan take aka yi wa kowace allurar PMSG, awo 400, a tsokar cinya. A cikin kula da ƙanƙara ya kawo ta, kuma sai da komai ya kammala ya haɗa garin da ruwansa, don ba ta jure zafi.

Baffa ya tambayi daga me ake yin ta. Da aka ce masa daga jinin goɗiya mai ciki ake tace ta, sai ya yi salati. Gaskiya ne kuwa. Wasu masana biyu, Cole da Hart, su suka gano ta a Kalifoniya a 1930. Ita ke ingiza ƙwayayen su nuna su fito a kan lokaci, idan aka ƙara awo kuma sai su fito da yawa. Likita ya ƙi wuce 400. Ya ce tunkiya mai kilo 25 zuwa 30 aka cusa mata 'yan uku ko huɗu, an haƙa mata rami ne.

Rukunin ciyarwa zalla, da wadda sosonta ya faɗi, an sakar musu ragon da na aro daga wani maƙwabci.

6 ga Nuwamba

Jiya da yamma, kimanin awa 36 da zare soso, aka kawo ragunanmu biyu. Na kwaɓa bula da man gyaɗa na shafa musu a ƙirji, ta yadda duk wadda aka hau za a ga shuɗi a ƙugunta. Tun kafin a kwance su tumakin suka kewaye su, suna kaɗa bindi da sauri, suna goga wuya. Ban taɓa ganin tumaki sha ɗaya suna neman rago rana ɗaya ba sai jiya.

Ba mu bar su a cakuɗe ba. Ɗaya bayan ɗaya ake kawo wa rago, ya hau, a fitar da ita, ya huta, sannan a sake zagaye da safe. In ba haka ba sai ya liƙe wa ɗaya ya ƙare a kanta. Zuwa azahar ɗin yau duka sha ɗayan suna ɗauke da shuɗi, har da shidan Baffa. Ya yi murna ƙwarai, ni ma haka.

Daga yau zan riƙa janye ƙarin abincin a hankali cikin mako biyu. Ƙoshi fiye da kima a farkon ciki yana sa hanta ta riƙa share furojestaron da sauri, ɗan tayi ya kasa kamawa. Yunwa kwatsam ma illa ce. Tsaka-tsaki ake so.

24 ga Nuwamba

Wannan makon shi ne alƙali. Wadda ba ta ɗauka ba za ta dawo neman rago bayan kwana 17, don haka tun ranar 20 na mayar da ragunan da jan kala a ƙirji. A cikin nawa biyar masu soso babu wadda ta dawo. A cikin na Baffa uku sun dawo, har da wadda ta fi su rama.

Duk shidansa sun nemi rago, duk an hau su da raguna iri ɗaya a rana ɗaya da nawa. Allura ta yi aikinta daidai. Rabin su ne suka kasa riƙewa. Karan gona ya cika musu ciki, amma busasshen karan dawa kusan babu furotin a cikinsa, harawar kuma masu gona sun riga sun ɗaure sun ɗora a kan bishiya.

A ɗaya rukunin, ragon aro ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin kwana 16. Ɗaya ce ta maimaita.

15 ga Disamba

Jiya aka gama ƙyanƙyasa ta biyu. Ƙwai 30 daga kowane akurki, na rubuta G ko Y da fensir a kan kowanne. Na yamma cikin kwana huɗu suka cika talatin ɗinsu, na gabas sai da suka cinye mako.

Na gabas, masu tsohon abinci: 8 wasai, 6 sun mutu a ɓawo, 16 sun fito. Na yamma: 3 wasai, 3 sun mutu, 24 sun fito. Inji ɗaya, zafi digiri 37.5, juyi iri ɗaya. Bambancin har a hannu ana jin sa. Ɗan tsakon yamma idan ka kwantar da shi rigingine a tafinka nan take yake birkicewa ya miƙe, cibiyarsa a rufe, gashinsa ya bushe. A na gabas akwai uku da ke tafiya a kan gwiwa, yatsu a dunƙule.

Daga yau duk an mayar da su kan abinci ɗaya. Ba zan ci gaba da hana rabin kajina abin da na ga amfaninsa da idona ba.

Wata ƙanwata ta tambaye ni ko babu allurar da za a yi wa kaji kamar ta tumaki. Kaza haske ne ke tafiyar da homon ɗinta. Idan ta sami awa 14 zuwa 16 na haske a rana, ƙwaƙwalwarta tana ba da umarnin ci gaba da ƙwai, shi ya sa na sa musu ƙwan sola daga magariba zuwa ƙarfe tara. Kwanci kuma wani homon ne mai suna furolaktin, wanda ke ƙaruwa muddin ƙirjinta na jin ɗumin ƙwai. A riƙa kwashe ƙwan sau uku a rana, mai kwanci a ware ta inda babu gurbi kwana uku, za ta saki. Wannan zancen da ke yawo cewa kajin gidan gona allurar homon ake ɗura musu su kumbura, tushensa tsoho ne. An taɓa dasa wa kaji wani sinadari mai suna DES a wuya a Amurka, aka haramta shi a 1959. Girman kajin yanzu daga zaɓen iri ne da abinci.

An ɗiga musu rigakafin Niyukasil a ido, tunda hunturu ya kankama, lokacinta ne.

7 ga Janairu, 2025

Hoton ciki, wata biyu da barbara. Nawa sha biyu duk suna da ciki. A cikin biyar masu soso uku tagwaye ne, a rukunin ciyarwa zalla biyu. Na Baffa: ukun farko suna nan, ɗaya da tagwaye, daga cikin ukun da suka maimaita biyu sun kama, ɗaya fayau.

Wani abu ya faru a unguwa makon jiya da ya tsaya mini a rai. Labarin tumakinmu ya bazu, sai wani maƙwabci ya je kasuwa ya ce a ba shi allurar sa dabba neman namiji. Aka ba shi furostagilandin, ya zo ya yi wa jajayen awakinsa huɗu. Biyu ashe suna da cikin wata uku. Kwana biyu tsakani duk suka yi ɓari. Matarsa ce ta kira ni, na tarar da 'yan tayin a kan buhu, ba gashi, kowanne bai fi tafin hannu ba, uwar tana ta lasar ɗaya tana kuka.

Wannan allura aikinta narkar da rawayan ƙullutun da ke tsirowa a gurbin da ƙwai ya fita, wanda shi ke samar da furojestaron. Ga dabbar da ba ta da ciki, hakan yana dawo da ita neman namiji cikin kwana biyu zuwa uku. Akuya kuwa tun daga farkon cikinta har ƙarshe da wannan ƙullutun ta dogara, a narkar da shi a kowane wata cikin ya zube. Tunkiya ta bambanta, bayan kamar kwana 50 mahaifa ke karɓar aikin. Maganin kuma yana ratsa fatar mutum, mace mai juna biyu ko mai asma ba a yarda su taɓa kwalbar ba. Wannan kwalba a kan tagar ɗakin matar na same ta. Na ji nauyin abin, domin ni na yi ta ba da labarin shuɗin ƙugu a majalisa ban haɗa da gargaɗi ba. Na koma majalisar ranar Juma'a na faɗa musu dalla-dalla.

20 ga Fabrairu

Saura mako shida. Kusan kashi 70 cikin ɗari na girman ɗan tayi a wannan tsakanin yake faruwa, ga shi ya danne tumbi uwar ba ta iya cin kara da yawa. Na dawo da haɗin hatsi, masu tagwaye zan kai su giram 500 a hankali. Yara suna tsinto 'ya'yan gawo ana daka musu. Na sake yi wa Baffa magana kan mai tagwayensa, ya ce zai fara ba ta dusa idan an shiga azumi.

24 ga Maris

Mako mai nauyi. Ranar 19 tunkiyar Baffa mai tagwaye ta ware kanta daga garke ta daina ci. Washegari na same ta ta jingina kai da katanga, tana cizon haƙora, na kaɗa hannu a gaban idonta ba ta ƙifta ba. Numfashinta yana wani ƙamshi-ƙamshi kamar na ruwan goge farce. 'Ya'yan sun zuƙe sukarin jininta, jiki ya koma ƙona kitse, dafin ƙonar ya taru. Dusar da aka fara ba ta a farkon azumi ta zo a makare kuma ba ta kai ba.

Likita ya yi mata ƙarin ruwa mai sukari da kalshiyam, ya bar mana wani ruwa mai zaƙi-zaƙi a riƙa ɗura mata safe da yamma. Da bai ga sauyi ba ya ce a zaɓa, uwa ko 'ya'ya. Baffa ya yi shiru, can ya ce, "A ceci uwar." Aka yi mata allurar dekzametason mai jawo naƙuda ranar 21, jiya da asuba ta haihu, mace da namiji, kwanansu bai cika ba. Mun shafe su da tsumma, mun ɗiga musu dakashi da sirinji, kafin la'asar duk sun tafi. Uwar yau ta miƙe ta ci ganyen wake kaɗan.

Bayan an sha ruwa Baffa ya aiko jikansa da kuɗin rabin buhu, ya ce a haɗa sauran nasa da nawa a ciyarwa.

A wajen kaji zafi ya fara nuna kansa. Zubin farkon Maris, ƙwai 60, 14 wasai duk da abinci bai sauya ba. Da rana zakarun suna laɓe a inuwa baki buɗe, fukafukai a sake, ba mai bin kaza. Zafi yana rage musu ci yana kuma lalata maniyyi. Na mayar da ciyarwa zuwa asuba da bayan la'asar, na rufa bunu a kan kwanon akurkin, ƙwan da ake tarawa kuma yana kwana a cikin kasko mai jiƙaƙƙen yashi a gefen randa, tsinin a ƙasa, ba ya wuce kwana biyar.

8 ga Afrilu

Daga ranar 1 zuwa 6 ga wata, bayan Ƙaramar Sallah da kwana biyu, tumakina biyar masu soso duk suka sauka: 'ya'ya takwas, biyar maza. Biyun Baffa na zubin farko sun haifi ɗaya-ɗaya. Na auna kowanne da sikelin rataye a cikin buhu. Nawa na ɗaya-ɗaya sun kusa kilo 3, tagwayen suna wajen kilo biyu da 'yan kai, na Baffa da suke su kaɗai a ciki da ƙyar suka kamo tagwayena.

Amfanin haɗa su lokaci ɗaya yanzu na ɗanɗana shi. Dare shida na kwana a bakin garke da fitila, na ga kowace haihuwa, na tsoma kowace cibiya a aidin, na tabbatar kowane ɗa ya sha dakashi cikin awa biyun farko. Wata ɗanta ya zo da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, da ba na wurin da sai dai a tarar da gawa da safe.

Akwai inda lissafina ya gaza. Na duba Sallah ban duba bazara ba. Afrilu ne mafi tsananin yunwar dabba a ƙasarmu, harawa ta yi tsada, kuma yanzu ne masu shayarwa suka fi bukatar abinci. Harawar da na ɗaure da kaka ba za ta wuce tsakiyar Mayu ba.

27 ga Afrilu

Rukunin ciyarwa zalla sun gama, daga 3 zuwa 25 ga wata: tumaki shida, 'ya'ya takwas. Wadda sosonta ya faɗi ta haifi namiji ɗaya. Ke nan masu soso tare da ita tara daga shida, marasa soso takwas daga shida. Ɗa ɗaya ne tsakaninsu, kuɗin soso da allura da zuwan likita kuwa ya kusa kuɗin ɗan ragon. Abin da soson ya ba ni shi ne kwana shida na jira maimakon kwana 23. Baffa yana da 'ya'ya huɗu a raye daga tumaki shida, biyun ƙarshe da iyayensu suka ci mako huɗu na ƙarin abinci sun fi na farkon girma, hantsar iyayensu ma ta fi cika.

Zagaye na gaba zan yaye 'ya'yan a farkon Yuli, in ba iyayen wata guda su murmure. Soso sai ga waɗanda suka yi jinkirin dawowa neman rago kawai. Na ware rabin kadada a bayan gari don wake na harawa da lablab, iri yana hannu. Tunkiyar da ta yi rashin tagwaye da wadda ta fito fayau, Baffa ya ce in riƙe su a wajena har su kai uku a gadon baya kafin a sake nuna musu rago. Na taɓa su yau da safe, duk biyun suna kan biyu da rabi.